Kafin ka haɗiyi ƙwayar farko: abin da mai ciwo mai daɗewa zai tambayi likita

Ciwon da ake sha wa magani na kwana biyar ko mako guda, ragamarsa tana hannun likita: ya rubuta, ka sha, ka warke, an wuce wurin. Hawan jini, ciwon sukari, asma, farfaɗiya, ciwon ƙoda da ire-irensu ba haka suke ba. Likita zai gan ka na 'yan mintuna, wataƙila sau uku ko huɗu a shekara, sauran kwanakin kuwa daga kai sai kwalin magani. Kai za ka yanke hukunci ranar da maganin ya tayar maka da zuciya, da ranar da ka manta, da ranar da ka wayi gari garau har ka fara tunanin ko tun farko ma ba ka da komai.

A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu. Ba duka ne taurin kai ba. Galibin abin da ke sa mutum ya ajiye magani, abu ne da likita ya san zai iya faruwa tun ranar farko, sai dai bai samu sukunin faɗa ba, mai ciwon kuma bai tambaya ba. Aikinka a zaman farko shi ne ka tono waɗannan ranaku tun ba su zo ba.

Mataki na 1: Shirin gida

Rubuta tambayoyinka a takarda, ka sa alama a kan uku da suka fi damun ka, domin idan lokaci ya ƙure su za ka fara yi. Zuba duk abin da kake sha a jaka ka tafi da shi, da kwalayensa: na wani likitan, na ciwon kai da ka saya da kanka, na ƙarin jini, na gargajiya, har da na ƙarfin maza idan akwai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan wani magani ya taɓa feso maka ƙuraje ko ya kumbura ka, rubuta sunansa. In da hali, ka je da wani wanda zai riƙe maka bayani, don wanda aka gaya wa sunan ciwo a karon farko ba kasafai kunnensa ke ɗaukar abin da ya biyo baya ba.

Mataki na 2: "Likita, mene ne sunan ciwon, kuma da me aka tabbatar?"

Maganin da za a sha shekaru bai kamata a ɗora shi a kan awo ɗaya ba, sai fa idan abin ya yi tsanani a bayyane. Hawan jini ana tabbatar da shi ne idan awo ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu daban-daban, mutum yana zaune ya huta kamar minti biyar, kuma madaurin awon ya dace da kaurin damtsensa. Akwai waɗanda jininsu ke hawa a gaban likita kawai, a gida ya sauka. Su awon gida ne ke raba gardama. Ciwon sukari kuwa, idan an auna kafin a ci komai da safe, iyakar ita ce milimol 7.0, wato miligiram 126 a ɗaya ma'aunin, ko kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya kai kashi 6.5. Wanda ba shi da alamomi irin su yawan fitsari, ƙishirwa da rama, ana maimaita masa gwajin kafin a yanke. Shi HbA1c ɗin ma yana iya yaudara ga mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, don haka ka faɗa idan kana cikinsu. Ciwon ƙoda ba ya zama "mai daɗewa" sai matsalar ta wuce wata uku. Ƙodar da ta yi rauni saboda gudawar mako guda tana iya farfaɗowa.

Ka nemi a rubuta maka sunan ciwon da lambobin gwajinka. Su ne mafarin lissafi: bayan wata shida da su za a kwatanta.

Mataki na 3: "Me muke so maganin nan ya yi?"

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne mafi yawan rashin fahimta ke kwana.

Magungunan ciwo mai daɗewa iri biyu ne a wajen manufa. Akwai wanda zai sa ka ji sauƙi a jikinka: numfashi ya buɗe, gaɓɓai su daina ciwo, farfaɗiya ta daina tashi. Akwai kuma wanda ba za ka ji komai ba, aikinsa tare wani abu ne da zai iya zuwa bayan shekara goma, kamar shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, makanta ko mutuwar ƙoda. Maganin hawan jini da na rage kitse a jini suna cikin kashi na biyu. An ce jiki magayi, amma hawan jini yana iya shekaru bai gaya wa mai shi komai ba. Wanda bai san wannan ba zai jira ya ji canji, in bai ji ba ya ce maganin ba ya aiki, in kuma dama lafiyarsa lau yake ji ya ce ya warke. Duka biyun ƙarshensu ajiye magani ne. Tambayi kai tsaye: "Wannan zan ji amfaninsa a jikina, ko awo ne kawai zai nuna?"

Daga nan sai lamba. "Wace lamba muke nema, kuma zuwa yaushe?" Ga yawancin masu hawan jini ana neman ƙasa da 140/90, ga wanda ya riga ya samu ciwon zuciya ana son lambar sama ta sauka ƙasa da 130. Ga masu sukari da yawa ana neman HbA1c ƙasa da kashi 7, amma tsoho mai rauni ko wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa ana sassauta masa, don a wurinsa faɗuwar ta fi hatsari. Mai shan maganin HIV, abin nema shi ne ƙwayar cutar ta yi ƙasa har gwaji ya kasa ganin ta, ana kuma duba hakan wajen wata shida da farawa. Lambar maƙwabcinka ba taka ba ce.

Lokaci ma a tambaya. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, cikakken aikinsa kuma ya fi haka, alhali illolinsa a makon farko suke zuwa. Metotireksit na amosanin gaɓɓai yana iya kai mako shida zuwa sha biyu. Wanda ba a gaya masa ba, a kwana na goma zai yanke ƙauna.

Sai tambayar da mutane ke jin nauyin yi, ga shi kuwa ita ce ta fi kowace fayyace lamari: "Idan ban sha ba, ko na jinkirta, me zai faru?" Wannan ba raini ba ne. Amsoshin sun bambanta ƙwarai. Mai sukari nau'i na ɗaya ba zai rayu ba tare da insulin ba, babu zancen jira. Mai HIV, tun 2015 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara magani ga kowa, ba a jiran garkuwar jiki ta faɗi. Amma masu ciwon hanta nau'in B da yawa ba sa buƙatar magani a lokacin da aka gano su, bibiya da gwaji ake yi musu. Wanda jininsa ya ɗan haura kaɗan kuma ba shi da wani hatsarin, ana iya ba shi 'yan watanni ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, ya motsa jiki minti 150 a mako, ya rage ƙiba, a sake awo.

Idan likita ya ce magani yana rage hatsari da kashi kaza, ka roƙe shi ya mayar maka da shi lissafin mutane. Ga misali na lissafi kawai: a ce magani yana rage hatsari da rubu'i. Idan cikin mutum 100 irinka, 20 ne za su gamu da matsalar a shekara goma, maganin zai mayar da su 15, an tsirar da biyar. Idan kuwa 4 ne kacal cikin 100, za su koma 3, an tsirar da ɗaya. Rubu'in bai canza ba, amma nauyin shawarar ya canza. A ganina duk wanda za a ɗora wa ƙwaya ta shekaru don rigakafi yana da haƙƙin jin wannan lissafi, ko da a ƙiyasce ne.

Ka rufe wannan mataki da: "Akwai wani zaɓi? Me ya sa aka zaɓar mini wannan?"

Mataki na 4: Maganin kansa

Kowane magani yana da suna biyu, na sinadarinsa da na kamfanin da ya yi shi. Na sinadarin za ka haddace, tare da ƙarfinsa a miligiram. Ba sabon abu ba ne mutum ya haɗa kwali biyu masu suna daban yana sha, ashe abu ɗaya ne a ciki.

Sau nawa, da wane lokaci, kafin abinci ko bayansa? Ba a faɗin wannan don ado. Metfomin, na ciwon sukari, ana shan sa da abinci, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, saboda ciki ya saba. Lebotairoksin, na ƙarancin aikin tairod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya), ana shan sa ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a kuma raba shi da ƙwayar ƙarin jini ko ta kalsiyam da kamar awa huɗu. Maganin da ke sa fitsari da safe ya fi, in ba haka ba barci ya gagara. Metotireksit kuwa, a amosanin gaɓɓai da ciwon fata, sau ɗaya ne a mako, ba a rana ba. An rasa rayuka saboda wannan kuskure. Idan an rubuta maka shi, sa likita ya rubuta sunan ranar da za ka riƙa sha.

Ƙwayar da aka rubuta wa SR, MR ko XR a kwali an yi ta ne ta riƙa sakin magani a hankali. In aka daka ko aka tauna, na yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Wanda haɗiya ke yi wa wuya ya faɗa tun a nan.

Abin da ake amfani da shi da hannu, kamar abin shaƙa na asma, alƙalamin insulin ko na'urar awon sukari, kada ka yarda da bayanin baki. Ka ce a gwada a gabanka, kai ma ka gwada a gaban nas ta gyara maka. Mai asma ya tabbatar ya san wanne ne na buɗe ƙirji idan ta tashi, wanne ne na kullum mai hana ta tashi, ya kuma kurkure baki bayan na kullum ɗin. Insulin da ba a buɗe ba yana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare. Wanda aka buɗe, yawanci kwana 28 yake yi a wuri mai sanyi-sanyi nesa da rana.

Mataki na 5: Illa, kashi biyu

Takardar da ke cikin kwali tana jera illoli da yawa, har mai karatu ya tsorata ya fasa. "Yana da illa?" tambaya ce da ba ta kai ka ko'ina, don kowane magani yana da ita. Raba ta biyu.

Ta farko: "Wace illa ce ta fi yawan zuwa, kuma takan wuce?" Tashin zuciya da gudawar metfomin sukan lafa cikin 'yan makonni. Amlodifin, na hawan jini, yana iya kumbura ƙafa. Lisinofiril da danginsa, su ma na hawan jini, suna kawo busasshen tari mai naci wanda maganin tari ba ya yi masa komai. Canza maganin ne mafita, kuma akwai madadinsa. Wasu magungunan hawan jini da na damuwa suna rage sha'awa ko ƙarfin kwanciyar aure. Maza da yawa a kan wannan suke ajiye magani a ɓoye, su ci gaba da zuwa asibiti likita yana ta ƙara musu wani a kan wanda ba sa sha. Da an faɗa, sau da yawa canji ɗaya ya wadatar.

Ta biyu: "Wace alama ce in na gani zan taho asibiti nan take?" Wannan jerin gajere ne, kuma shi ya kamata a rubuta. Kumburin leɓe, harshe ko fuska ga mai shan lisinofiril. Ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki a makonnin farko na kabamazefin ko lamotirijin, na farfaɗiya, ko alofurinol, na wani nau'in ciwon gaɓɓai. Baƙin bayan gida ko jinin da ya ƙi tsayawa ga mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Ciwon tsoka mai tsanani tare da fitsari mai duhu ga mai shan maganin kitse. Ka kuma tambayi inda za ka je idan abin ya faru da dare.

Mataki na 6: "Ya dace da ni, a halin da nake ciki?"

Mace mai juna biyu, ko mai shayarwa, ko wadda za ta iya ɗaukar ciki ko da ba ta shirya ba, ki faɗa kafin a rubuta. Lisinofiril, losatan (shi ma na hawan jini), warfarin da metotireksit duk suna iya cutar da ɗan tayi. Balfurowet na farfaɗiya ya fi su ƙaurin suna: kusan jariri ɗaya cikin goma da aka yi cikinsu ana shan sa suna zuwa da nakasa, wasu da dama kuma da jinkirin koyo. Amma idan kin riga kin samu ciki kina shan sa, kada ki tsayar da kanki, ki nemi likita da gaggawa, don farfaɗiyar da ta ɓalle hatsari ce gare ku duka biyu. Kabamazefin da rifamfisin na tarin fuka kuma suna raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, ciki ya shiga ana ganin an kare.

Tambayi ko an duba ƙoda da hanta kafin farawa. Magunguna da yawa ta nan suke fita. Metfomin, alal misali, ba a bayar da shi idan awon aikin ƙoda na eGFR ya faɗi ƙasa da 30.

Yanzu buɗe jakar nan da ka zo da ita. Abin da ya fi yawan kawo cikas ba wani baƙon magani ba ne, na ciwon jiki ne da ake saya ba takarda: ibufurofen da daiklofenak suna ɗaga hawan jini, suna gajiyar da ƙoda, suna ƙara hatsarin zubar jini ga mai shan warfarin, wasu masu asma kuma suna tayar musu da ita. Ka ce: "Idan kaina ya yi ciwo ko na yi mura, me zan iya sha?" Direba da mai aiki da inji ko a saman gini su tambayi batun jiri da barci.

Mataki na 7: Ranakun da abubuwa ba su tafi daidai ba

"Idan na manta fa?" Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce ba a ninkawa, amma ko za ka sha da ka tuna ko ka jira lokaci na gaba, ya danganta da maganin. Nemi amsar naka.

"Idan na kwanta da amai ko gudawa, ko na kasa cin abinci?" Wannan tambaya ba a cika yin ta ba, kuma tana da nauyi. Idan jiki ya bushe, metfomin, lisinofiril da maganin sa fitsari suna iya yi wa ƙoda lahani, shi ya sa akan ce a dakatar da su kwana ɗaya ko biyu har a koma ci da sha. Insulin ga mai sukari nau'i na ɗaya akasin haka ne: ba a daina shi ko da ba a ci ba, sai dai a yawaita awo a daidaita. Mai shan firednisolon, maganin rage kumburi a jiki, na dogon lokaci ma wani sa'in ƙari yake buƙata idan ya kwanta ciwo. Abu uku, hukunci uku, ba abin da mutum zai yi hasashe ba ne.

Mai amfani da insulin ko ƙwayar ciwon sukari ta gilibenkilamaid ya koyi alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa. Ƙasa da milimol 3.9, wato miligiram 70, a sha giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Mutanen gida su ma su sani, kuma su san ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

Sannan babbar tambaya: "Har yaushe zan sha, kuma in za a daina, yaya ake yi?" Wasu na rayuwa ne, wasu ana sake duba su bayan wata shida ko shekara biyu. Akwai waɗanda yanke su farat ɗaya ya fi rashin fara su muni. Firednisolon da aka sha fiye da mako uku a hankali ake janye shi, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin. Atenolol da danginsa, na hawan jini da zuciya, in aka yanke, zuciya tana iya rikicewa. Maganin farfaɗiya, na damuwa, da na ciwon hanta nau'in B duk haka. Na ƙarshen nan tsayar da shi yana iya sa hanta ta kumbura da ƙarfi. Wasa da maganin HIV kuma yana koya wa ƙwayar cutar jure masa.

Mataki na 8: Bibiya da ɗorewa

Yaushe zan dawo, wane gwaji za a yi, wa zai duba sakamakon? Bayan fara lisinofiril ana duba ƙoda da sinadarin fotasiyam cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan fara lebotairoksin ko canza ƙarfinsa, mako shida zuwa takwas. Warfarin yana buƙatar awon INR, mai nuna saurin daskarewar jini, akai-akai, yawanci ana neman tsakanin 2 da 3. Mai sukari a duba masa ido, ƙafa da fitsari sau ɗaya a shekara ko da babu abin da ke damun sa. Kada ka ɗauka shirun asibiti yana nufin sakamako ya yi kyau.

Batun kuɗi kuma a yi shi a fili. Lissafa na shekara, da gwaje-gwaje da zirga-zirga, ba na wata ɗaya ba. Idan ya fi ƙarfinka ka ce, "Likita, wannan ba zan iya ɗorewa da shi ba, akwai mai sauƙi da zai yi aikin?" Sau da yawa akwai, sinadari ɗaya daga wani kamfani, ko tsohon magani da aka daɗe da sanin halinsa. Magani mai matsakaicin kyau da ake sha kullum ya fi wanda ya fi kowane kyau amma ana sha wata ɗaya a tsallake biyu. Tambayi abin da za ka yi idan ya yanke a kasuwa, ka kuma saba da sabunta shi tun saura na mako guda.

Mataki na 9: Maimaita da bakinka

Kafin ka tashi, ka ce, "Bari in faɗa yadda na fahimta, in na yi kuskure a gyara mini." Faɗi sunan ciwon, sunan maganin, yadda za ka sha, lambar da ake nema, alamar gaggawa, da ranar dawowa. Idan shawarar babba ce, kamar fara wankin ƙoda ko maganin da ke danne garkuwar jiki, kuma ba gaggawa, kana iya neman kwana biyu ka yi tunani ko ka ji ta bakin wani likitan.

A wurin karɓar magani, kwatanta abin da ke jikin kwali da abin da ke takardarka: suna, ƙarfi, ranar lalacewa. Mai harhaɗa magunguna ya fi kowa sanin waɗanda ba sa jituwa, don haka tambayoyin da lokaci bai bari ka yi wa likita ba game da sha da ajiya, a nan za ka ƙarasa su.